Ranar Da Na Tashi Daga Teburin Don Anselmo

Da yardar Allah na iso shekarar da na fi jan ƙafa wajen rubutawa. Dukkanku kun sha jin labarinta daga bakina, amma ba yadda ta faru ba. Abin da kuka sani shi ne Baffanku Habu ya taɓa samun hanyar zuwa Sifaniya koyon aikin fata, tafiyar ta rushe saboda ni ban san al'adar mutanen ba. Haka nake ba da shi, a yi dariya, a ce Alhaji bai iya cin abincin Turawa ba. Kun kuma taso kuna cewa Baffa mutum ne mai shan ƙamshi, in ya zo gida yana tsame hannu daga kwano yake miƙewa, ba ya zama a taɓa hira. Sadiya, na taɓa jin ki kina gaya wa ƙannenki wai tun da ya iya harsuna uku ya daina ganin kowa da gashi. Ban tsawata miki ba ranar, domin da na tsawata sai na kawo dalili. To ga dalilin.

Mu dukawa ne, kun sani. Mahaifinmu a ƙofar gida yake zama da fata a cinya tun hantsi har la'asar, kuma duk ɗan da ya haifa sai ya riƙe basilla kafin ya riƙe alƙalami. Ni ne babba, na girmi Habu da shekara goma sha biyu. Ɗinkina bai taɓa miƙewa ba. Baba ba ya faɗa, sai dai ya karɓi abin da na ɗinka, ya warware shi a gabana zare-zare, ya miƙo mini. Habu kuwa tun yana ɗan shekara tara Baba ke ɗaga aikinsa sama yana juya shi a haske. Wata rana na ji ya ce wa wani abokinsa, "Babban na kasuwa ne, ƙaramin shi ne mai hannu." Gaskiya ya faɗa, kuma na bi kasuwar. Da ciwon ajali ya kama shi, ya kira ni ya ce Habu amana ne a hannuna, ya kuma ce wa Habu kada ya taka ko'ina sai da izinina. Mu biyun duka mun riƙe wannan magana, kowa da irin riƙonsa.

Lokacin da harkar jakunkunan mata ta kai ni Guangzhou, na yi shekara biyu ina fama ni kaɗai kafin na ɗauko Habu. Muka kama gida a Sanyuanli, hawa na huɗu, ɗaki biyu da ɗan falo. Daga baya Ummanku ta zo ta same mu, ku kuna Kano wurin kakarku. Kullum da safe mu ɗauki mota zuwa Shiling, garin da ba a yin komai sai jaka. Mu uku muke haɗa motar, da wani maƙwabcinmu Badamagare, Malam Isufu, mai sayen jakunkunan 'yan makaranta. Ni karatuna bai wuce firamare ba. Sinancina kalma huɗu ne: nihao ta gaisuwa, lawban wato maigida, meyo wato babu, sai shiye-shiye ta godiya. Habu kuwa cikin shekara ɗaya ya fara musu da masu masana'anta da harshensu, har su yi dariya su kawo masa shayi. Shi ne bakina, shi ne kuma hancina, domin da ya shinshina jaka zai gaya maka fata ce ko roba ce aka yi wa kwalliya. Ni nawa in tsaya a bayansa da babbar riga, a ce ga lawban.

Sifaniyanci kuwa a Shiling Habu ya tsince shi. Akwai 'yan kasuwa da ke zuwa daga Kudancin Amurka, Peru da Kolombiya da wasu ƙasashen, suna magana da sauri kamar ana zuba tsakuwa a langa. Malam Isufu ya rantse shi yana jin su.

"Faransanci ne aka barbaɗa wa yaji," in ji shi. "Ku Kanawa ina za ku gane."

"To me wancan ya ce yanzu?"

"Ya ce Bakano ya cika tambaya."

Habu bai tsaya wasa ba. Ya sayi ɗan littafi, yana bin mutanen yana taya su magana da Sinawa, su kuma su saka masa da kalmomi. Da yamma ya dawo da su gida kamar mai dawowa da tsaraba. Ummanku tana girki, shi yana jingine da ƙofar kicin yana zuba mata.

"Yaya Rabi, kin san me suke ce wa sukari? Asukar. Shinkafa kuma arros, kusan irin na Larabawa. In suna fatan abu su ce ohala, wai asalinsa in Allah ya so ne, tun zamanin da Musulmi suka zauna a ƙasar Sifaniya."

"To ashe 'yan'uwa ne. Ka tambaye su me suke ce wa daddawa."

"Wannan kam meyo. Amma ga wadda za ki so: su yaro sunan uba da na uwa duka yake ɗauka, a takarda ma haka ake rubutawa."

"Ka ji mutanen kirki. Ka ɗaga murya yayanka ya ji."

Ni ina falo ina jin su, ina kuma jin daɗi, don a ganina duk abin da Habu ya iya nawa ne.

A wata masana'anta da muke sayen kaya akwai ɗakin da ake yanka samfur, a can Habu ya haɗu da Don Anselmo. Don ɗin nan girmamawa ce, kamar mu ce Malam ko Alhaji. Tsoho ne gajere mai furfura, daga wani ƙaramin gari a kudancin Sifaniya inda kusan kowane gida dukawa ne. Sinawan sun ɗauko shi na shekara biyu ya koya wa ma'aikatansu ɗinkin hannu. Ranar da na fara ganinsa babban yatsansa na kalla: ya yi kanta ya baje, irin na Baba sak. Habu yana da wani alabe na jar fatar akuya da ya ɗinka tun a gida. Ya ciro shi zai ba wani mutum kati, sai tsohon ya miƙa hannu ya karɓe ba ko neman izini, ya kai hanci, ya lumshe ido. Ya tambayi da me aka jeme fatar, Habu ya kwatanta masa bagaruwa da karan dafi. Ya bi ɗinkin da farce tun daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya tambayi wa ya yi. Daga ranar, duk Asabar Habu yana ɗakin samfur. Yakan dawo da ƙanshin fata a hannu, kuma na lura ya fara zama irin zaman Baba, kafaɗa ɗaya a sama.

Bayan wata biyar ko shida aka gayyace mu cin abincin rana gidan tsohon, ranar Lahadi ƙarfe biyu. Na ce wane irin abincin rana ne bayan azahar ta wuce, Habu ya ce su haka suke. Matarsa, Doña Pilar, ta tare mu a ƙofa. A wurinsu mace da namiji sukan gaisa da sumba a kumatu biyu, amma Habu ya riga ya yi mata bayani, sai ta dafa ƙirji ta ɗan rusuna kamar matar Kano. Babu giya a teburin, babu nama ma gaba ɗaya don kada in yi shakka. Shinkafa ce rawaya a wani faffaɗan kasko, da kifi da jatan lande, aka dire ta a tsakiya kowa na ɗiba. Abincin ya yi daɗi. Abin da ya dame ni surutu. Mu an hore mu ba a magana a kan abinci, su kuwa ukun nan, har da Habu, loma ɗaya zance goma, suna katse juna suna ɗaga hannuwa kamar masu rigima. Na sunkuya na ci nawa. Da na ƙoshi na yi hamdala, na miƙe, na wanke hannu, na nufi inda takalmana suke. A gidanmu haka baƙo mai mutunci yake yi, ba ya zama ya nauyaya wa masu gida. Sai na ji ɗakin ya yi tsit. Na waiga, na ga Doña Pilar tsaye da tiren gahawa a hannu.

Wannan tashin na farko, Allah ne shaida, rashin sani ne. Shi ne nake ba ku labarinsa shekara da shekaru. Na biyun ne ban taɓa faɗa ba.

A cikin tasi Habu ya yi ta danne dariya har ta ƙwace masa.

"Yaya, ka gudu tun ba a fara ba."

"Ba a fara me ba? Kaskon ma an kusa suɗe shi."

"Abincin share fage ne. Su in an gama ci ba a tashi, ba a ma kwashe kwanuka. A kawo gahawa, a jingina, a yi ta hira awa ɗaya, awa biyu. Har suna gare shi, sobremesa. Irin su Don Anselmo duk maganar da ke da nauyi a nan suke yin ta, neman aure, sulhu, roƙon alfarma. Ba sa yi a tsaye, ba sa yi da abinci a baki."

"To wanda ya tashi fa?"

"In baƙo ne bai sani ba, a yi dariya. In ya sani ya tashi, to ya ce ba ya son jin abin da za a faɗa ke nan."

Ku riƙe wannan amsar, domin ni na riƙe ta.

Tsohon ya aiko cewa laifinsu ne da ba su yi mini bayani ba, mu dawo bayan mako biyu. Habu ya ɗauki koyar da ni kamar farilla. Ya ce in ana magana in riƙa kallon idon mai maganar, don su sunkuyar da kai ba ladabi ba ne a wurinsu, alamar gajiya ce. Ya ce in sun katse ni kada in ji haushi, jin daɗin zancen ne ya sa. Sa'an nan ya rubuta mini jimla biyar a takarda, Sifaniyanci a sama, yadda ake furtawa a ƙasa da ajami, don ya san shi na fi saurin karantawa. Akwai gaisuwa, akwai godiya, akwai yabon abinci, akwai tambayar lafiyar iyali. Ta biyar ita ce abin da mai gida ke cewa in ya ga baƙo yana shirin miƙewa: "Quédese un poco más," wato ka ɗan ƙara zama. Ni kuma in amsa, "Con mucho gusto," wato da dukkan farin ciki. Kullum a hanyar Shiling sai na biya. Habu ya zama Don Anselmo, ni in amsa, Malam Isufu yana gaba kusa da direba yana alƙalanci.

"Sake! Wannan ba gusto ba ne, kukan rago ne ranar Layya. Wai Bakano zai zauna awa biyu ba ciniki? Sai dai a ɗaure shi da kujerar."

"Kai da ka ce Faransanci ne, fassara mana mana."

"Na fassara. Cewa ya yi zauna, Bakano, kasuwa ba ta gudu."

Kafin mako ya cika na haddace duka biyar, har direbanmu Basine ya fara riga ni amsawa.

Saura kwana biyar, Ummanku tana goge mini kaftani, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Alhaji, ka san abin da tsohon nan zai roƙe ka?"

"Ina zan sani."

"Wa'adinsa ya kusa, gida zai koma. 'Ya'yansa biyu babu mai son sana'ar. Yana so ya tafi da Habu shekara uku ya koya masa duk abin da ya sani. Habu ya ce masa shi ba ya motsi sai da izininka, tsohon ya ce haka ya dace, shi ma ba zai ɗauki ɗan mutane a bayan idon babba ba. Da bakinsa zai tambaye ka, a teburinsa."

"Shi Habun me ya hana shi gaya mini?"

"Kunya. Kuma yana so a tambaye ka da girma. Ni ma don kada abin ya zo maka bagatatan na faɗa. Ka yi kamar ba ka ji ba."

Na yi kamar ban ji ba, fiye da yadda ta nufa.

Cikin kwana biyar ɗin nan na kawo wa kaina dalilai da yawa. Na ce addininsa nake ji wa tsoro, yaro shi kaɗai a garin da wataƙila ko masallaci babu. Ba yaro ba ne, shekararsa ashirin da takwas, kuma ya fi ni kiyaye salla. Na ce harka ce za ta tsaya. Wannan akwai gaskiya a ciki, don in babu Habu ni kurma ne kuma bebe a Shiling. Amma tafinta ana samu, ɗalibai 'yan gida suna nan a jami'o'in garin suna neman irin aikin. Abin da ke ƙarƙashin waɗannan duka, wanda sai da na tsufa na iya kallonsa, shi ne yadda tsohon nan ya bi ɗinkin Habu da farce. Na taɓa ganin wannan a ƙofar gidanmu, kuma ba ni aka yi wa ba. Ina da shekara arba'in, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ana ce mini lawban, amma ban bar ƙofar gidan nan ba. Da na fito fili na ce a'a, da ya fi. Da an san ni na hana, Habu ya ji haushina, Ummanku da Malam Isufu su taru a kaina, wataƙila ma in sauko. Ni kuwa ba na so a ce na hana, ba na kuma so in bari. So nake kada a tambaya. Kuma Habu da bakinsa ya riga ya nuna mini hanyar a cikin tasi.

Ranar Lahadin Habu ya sa sabuwar shadda. A hanya ya sa na biya jimlolin sau biyu. Na gaida tsohon da harshensa, ya rungume ni yana bubbuga bayana. Kafin mu zauna, Doña Pilar ta ce wa Habu ya zo ya nuna mini wani abu. Ƙaramin ɗakinsu ne, an share an goge, an sauke hotunan da ke bango. An shimfiɗa sabon tawul fari a ƙasa, ga ruwa a roba, a kan tayil kuma an manna jan salatif an yi kibiya da shi. Alƙibla ce. Tun ranar Asabar ta sa Habu ya auna mata, wai don kada la'asar ta same ni a gidansu in rasa inda zan yi. Na ga kibiyar. Na yi godiya yadda aka koya mini.

Abincin ranar gasasshen kifi ne da dankali da man zaitun. Na yaba shi da jimla ta uku, suka tafa mini. Aka gama. Ba wanda ya taɓa kwanukan. Doña Pilar ta kawo gahawa, ni kuma ta kawo mini shayi da madara, don Habu ya gaya mata shi nake sha. Don Anselmo ya tura kujerarsa baya kaɗan, ya haɗa manyan yatsun nan nasa a kan teburi, ya dubi matarsa, ya dubi Habu, ya gyara murya. Habu ya sunkuyar da kai kamar wanda aka je nema wa aure. A nan na yi hamdala na miƙe.

"Habu, gaya musu la'asar ta gabato."

Akwai agogo a bango, dukanmu muna ganinsa. Saura awa guda cur. Ɗakin da aka shirya mini taku biyar ne daga kujerata. Habu bai fassara ba, bai kuma ɗago ba. Na je na sa takalma. Tsohon ya biyo ni har ƙofa, ya kama hannun rigata da yatsu biyu, ya yi magana a hankali, kalma-kalma, yadda ake yi wa mai koyo.

"Quédese un poco más."

Amsar tana bakina. Na biya ta ya fi a ƙirga tsakanin Sanyuanli da Shiling. Na juya wurin Habu, wanda ya taso ya tsaya a bayan tsohon.

"Me ya ce?"

Habu ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne. Irin kallon da yake yi wa jaka ne bayan ya shinshina ta. Sa'an nan ya amsa.

"Ya ce ka sauka lafiya, Yaya."

Tare muka sauko. Bai bar ni na tafi ni kaɗai ba, don ya san ban iya kwatanta wa mai tasi hanya ba. Muka iso gida da sauran lokaci, muka zauna jiran la'asar, ni a falo shi a ɗaki. Da lokaci ya yi ya fito ya tsaya a damana kamar kullum. Ni na yi limanci.

Ba a sake gayyatarmu ba. Tsohon ya ɗauki tashina a matsayin amsa, kuma ba mutum ne mai zagaye babba ba. Bayan wata biyu suka koma ƙasarsu. Ya bar wa Habu basillarsa da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi, a naɗe cikin fata. Habu ya sa su a ƙasan akwati. Ya ci gaba da yi mini aiki shekara bakwai, bai taɓa ha'intata ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa tayar da maganar ba. Abu biyu ne suka canza. Ya daina kawo wa Ummanku kalmomi ƙofar kicin, kuma yana gama cin abinci yake tashi.

Ni tun makon farko na fara ba da labarin, na haɗe tashi biyun suka zama ɗaya. Malam Isufu ya saurara a mota har na kai ƙarshe bai yi dariya ba, abin da ban taɓa gani ba.

"Bakano," ya ce, "ni fa na yi alƙalancin karatun nan."

Daga watan ya koma bin wata motar. Ummanku ita ma sau ɗaya ta yi magana. Ta ce, "Da na sani, da na bar shi ya zo maka bagatatan." Kun sha lura in na ɗauko labarin a tsakar gida takan tashi ta shiga ɗaki, kukan ce ta gaji da jinsa ne. Har ta koma ga Allah ba ta yi dariyarsa ko sau ɗaya ba.

Yau Baffanku yana can Guangzhou da iyalinsa, tafinta ne ga 'yan Kudancin Amurka, ana ganin girmansa, asirinsa a rufe. Kada ku ce to ai abin ya zama alheri. Ban san abin da zai faru ba da ya tafi, wataƙila kewar gida ta dawo da shi bayan shekara ɗaya. Amma nasa ne ya gwada, ni kuma aka ba amanarsa. Tun daga lokacin bai sake riƙe basilla ba. Don Anselmo ya daɗe da rasuwa, a bakin matar Habu na ji, shagonsa kuma an rufe.

Bara waccan na je sallama da abokan harka, tafiyata ta ƙarshe ke nan. Na sauka a wani masauki a Sanyuanli, na roƙi Habu ya zo mu ci abincin rana mu biyu. Na sa aka kawo tuwo da miyar kuka daga wurin wata mata 'yar Maraɗi mai dafa abincin gida, na ari teburi da kujeru biyu wurin mai masaukin, na sayi gahawa don na ji ita yake sha yanzu. Takardar nan tana aljihuna, ta yi laushi kamar tsumma. Ya zo ƙarfe biyu daidai, furfura ta fara fito masa. Muka ci shiru, yadda aka hore mu. Ya tsame hannu, ya yi hamdala, ya miƙe. Na riga na zuba gahawar. Na kama hannun rigarsa da yatsu biyu, na faɗi jimla ta biyar. Ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Ya tsaya yana kallon hannuna.

"Ashe ba ka manta ba."

"Ban taɓa mantawa ba. Ko ranar ma..."

"Na sani, Yaya." Ya dubi agogon hannunsa. "La'asar ta gabato."

Ƙarfe uku ne saura kwata. Na sake shi. Ya kai ƙofa, ya sa takalmi ɗaya, sai ya tsaya. Ya cire, ya dawo, ya ɗauki kofin ya sha a tsaye, ya ajiye, ya ce in gaida yara, ya fita. Na zauna a teburin har la'asar ɗin ta gaske. Da zan tashi na duba kofin. Rabin gahawar ya sha.

Musɗafa, kai ne babba, kuma ƙannenka suna jin maganarka kamar yadda Habu ya ji tawa. Wannan babin ka kai wa Baffanku shi da hannunka kafin wani na waje ya karanta, kuma kada ka tsaya jiran amsa. In ya zo gida, ko ina nan ko ba na nan, ku bar cewa yana shan ƙamshi. In an gama ci kada a kwashe kwanuka, a zuba masa gahawa a ajiye. In ya tashi ku bar shi ya tashi, ba da ku yake ba.

Allah ya yafe mini sallar da na fake da ita. Sauran kuwa hakkin Habu ne, shi zai yafe ko ya bari.